Ranar da Na Ƙona Yadin Alhaji Barau a Kan Tiren Shayi

Mu biyar ne a cikin ofishin ranar, na shida yana waje. Akwai Madam Rifkatu, shugabar makarantar 'yan matan, mutuniyar Zariya, tana bayan teburinta da tabarau a kan karan hanci. Akwai Malam Istifanus mai koyar da kimiyya, dogo siriri, wanda har lokacin tafin hannunsa na dama yana naɗe da bandeji. Akwai Malam Sha'aibu mai koyar da addini. Akwai Alhaji Barau, shugaban ƙungiyar iyayen yara, babban ɗan kasuwar yadi, wanda a ɗakunan bayan gidansa muke zaune a Nassarawa GRA. Sai ni, Uwani mai ɗinki, a kan benci kusa da ƙofa da ƙunshi a cinyata. Ba na cikin kwamiti. An kira ni ne kawai in ji abin da manya suka yanke in je in ɗinka. Na shidan babanku ne, direban Alhaji, yana jingine da mota daidai taga, yana jin komai yana yin kamar gilashi yake gogewa.

Na fara da sunayensu ne domin huɗu daga ciki sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba na so a ce na yi wa matattu ƙarya. Kun tashi kuna jin cewa bakina ne ya fitar da mu daga GRA ya kai mu ɗaki biyu a Gama. Babban yayanku har yau in ya bi ta layin gidan Alhaji sai ya ce da Inna ta yi shiru da a gidan nan aka yi bikinsa. Gwaggonku kuwa ta mutu tana cewa na ƙona wa maigida kaya a gaban baƙi don rashin kunya. To na ƙona, wannan ba ƙarya ba ne. Amma ku ji yadda aka yi tukuna. 'Yar'uwarku Hadiza ce ke rubutawa tunda ni ban taɓa zama a aji ba, na kuma gaya mata duk inda ta gyara mini magana don ta yi daɗi, zan gane in an karanta mini.

Shekara tara ina ɗinka wa makarantar nan kaya kafin abin ya faru. Ban san lambar da ke jikin tef ɗin awo ba, har yau ban sani ba, kuma ban taɓa yi wa yarinya riga ta matse ta ba. Da igiya nake awo. Kowace yarinya da igiyarta, in yi ƙulli a kafaɗa, ƙulli a hannu, ƙulli a tsawo, in ɗaura zare mai launi a bakin igiyar don in san ta wace ce. Madam Rifkatu ta taɓa aiko mini da takarda cike da lambobi, na mayar mata na ce ta turo mini yaran. A cikin kayan da nake ɗinkawa har da farar kwat ta ɗakin gwaji, wadda 'yan ajin kimiyya ke ɗorawa a kan kayan makaranta. Wata tsohuwar kwat aka ba ni tun farko aka ce in bi ta, irin ta likitoci maza, buɗe a ƙirji, hannu mai faɗi, maɓalli takwas a gaba. Na bi ta shekara tara ban tambayi kowa abin da ake yi a cikin ɗakin ba. Abin da nake taƙama da shi maɓalli ne. Duk GRA an san maɓallin da Uwani ta ɗinka ba ya cirewa. Zare huɗu nake haɗawa, in naɗe gindinsa, in tsuke ramin yadda sai da yatsa biyu ake ɓalle shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekarar da aka kawo Shari'a Kano, soja ba su daɗe da komawa bariki ba, kowa a gari ya zama malami kuma kowa ya zama ɗan majalisa. Direba in zai sayi goro sai ya ce a kaɗa ƙuri'a. Iyayen yara suka ce ɗan ƙaramin mayafin makaranta bai isa ba, a yi hijabi har gwiwa. Ni ban ga laifin wannan ba, nawa ya fi nasu tsawo. Alhaji Barau ya tashi a taro ya ce shi zai ba da yadin hijabi da na sababbin kwat kyauta, saboda Allah. Aka yi masa kabbara. Babanku da kansa ya sauke mini bandir-bandir a ƙofar ɗaki, fari tas, mai santsi da sheƙi, in ka ɗaga shi yana zubowa kamar ruwa. Ranar da na fara guga na gane shi. Dutsen gugar gawayi ya ɗan yi zafi fiye da kima, ina ɗorawa sai ya manne, na ɗaga na ga rami da baƙin baki, ɗakin ya cika da wari kamar an jefa leda a murhu. Mu teloli muna ce masa mai leda. Yana da kyau a ido, ba ya yamutsewa, amma ba a zuwa kusa da wuta da shi. Ban san abin da ake yi a ɗakin gwaji ba, amma na san Hadiza tana dawowa da warin gas a jikinta.

Na nuna wa babanku ramin na ce ya faɗa wa Alhaji a mota, in sun kasance su biyu. Ya ce to, in ya ga fuska. Bayan sati na tambaya, ya ce Alhaji yana fushi da wani yaronsa na kasuwa. Na sake tambaya, ya ce Alhaji yana mura. Na uku ya ce mini, Uwani, mutum ya yi kyauta an yi masa kabbara, ni zan je in ce masa kyautarsa ba ta da kyau? Ya tuna mini cewa Alhaji ne ya saka Hadiza a makarantar tare da 'yarsa Bilkisu, in ba haka ba ina 'yar direba ina makarantar GRA. Ba zan ɗora masa shi kaɗai ba. Tsakanin ƙofata da ƙofar falon Alhaji taku arba'in ne, ƙafata kuma lafiyarta lau. Na rage wa dutsen guga gawayi, na ɗora ƙyalle a kai, na ci gaba da ɗinki. Na ɗinka duka, na sa musu maɓallai takwas-takwas.

Wata biyu aka yi ana sawa. Wata ranar Laraba da hantsi mai gadin makaranta ya zo da gudu ya ce in zo asibiti. Abin da ya faru, kamar yadda Malam Istifanus ya ba ni labari daga baya, yaran suna dafa wani ruwa a kan ɗan murhun gas mai kama da bututu, wanda harshen wutarsa shuɗi ne, da rana da ƙyar ake ganinsa. Hadiza ta miƙa hannu ta ɗauko kwalba a can gaba, gefen hijabinta ya rataya a kan wutar. Kafin ta ankara ya kama ya hau hannun kwat. Malamin ya yi tsalle ya tsallake tebur ya kama hijabin zai fizge, ita kuma ta sa hannu biyu ta riƙe shi gam a wuya. Ya koma kan kwat ɗin, ya ja, ya ja, ta ƙi buɗewa. Da tafin hannunsa ya kashe wutar. A asibiti na tsaya ina kallo ana tsince narkakken yadi daga fatar 'yata da ɗan ƙarfe, tun daga kafaɗa har gwiwar hannu. Aka miƙo mini kwat ɗin a leda. Yadin ya yage ta ko'ina, amma maɓallan nan takwas suna nan daram, ko ɗaya bai motsa ba.

Da na ce abin zai sa manya su zauna su dubi yadi da ɗinki. Ina! Malam Istifanus ya ce daga yau ba yarinyar da za ta shiga ɗakinsa da abu yana lilo a jikinta, a cire hijabi a ƙofa. Malam Sha'aibu ya ce ba 'yar Musulmin da za ta tsaya kai buɗe a gaban namiji, balle a wannan shekara. Shekarar kuwa kowa tsoron kowa yake ji. Magana ta fita waje ta canza kama. A layinmu aka fara cewa malamin Kirista ya yi amfani da gobara zai tuɓe wa yara hijabi. Wannan mutumin da hannunsa ya soye saboda 'yata. A ɗakin malamai kuma, na ji, ana cewa Musulmi sun gwammace yaransu su ƙone. Madam Rifkatu ta rufe ɗakin gwaji da kwaɗo ta saka mukullin a jakarta. Sati uku suna taro, suna shan shayi, suna auna tsawon hijabi da baki. Wannan ya ce zuwa ƙirji, wancan ya ce zuwa cibiya. Ko mutum ɗaya bai ɗauki yadin ya murza a yatsa ba. Ga jarrabawar fita ta matso, ita kuma jarrabawar kimiyya akwai ta takarda akwai ta gwaji da hannu, wanda bai yi ta hannun ba bai ci ba. Daga ƙarshe Alhaji ya kawo abin da ya kira maslaha: a bar ɗakin a rufe, 'yan matan su koma ajin da ba a kunna wuta, ai ba dole ne mace ta yi kimiyya ba. Hadiza tana kwance da hannu a kan matashi ta ji wannan, ta juya fuska bango. Ba ta yi kuka ba ranar da ake tsince mata fata, ranar ta yi.

Washegari na tafi makaranta na samu Malam Istifanus na ce ya karɓo mukulli ya nuna mini ɗakin. Ya ce Mama, ba a shiga sai da izini. Na ce shekara tara ina yi wa ɗakin nan riga ban taɓa ganinsa ba, ya je ya nemo izinin ina tsaye. Ya dawo da mukulli. Na sa shi ya kunna wutar, na sa ya yi duk abin da yara ke yi: ya sunkuya, ya miƙa hannu, ya zuba ruwa daga kwalba zuwa kwalba, ya juya ya ɗauko abu a baya. Na tsuguna na duba inda hannun riga ke bi. Na ga wutar daidai ƙirjin yarinya take in ta sunkuya, daidai inda kwat ɗin take buɗe. Ya nuna mini wani ruwa ya ce ɗan uwan ruwan batir ne, in ya zuba a riga dole a cire ta nan take a yi wurin famfo. Na tambaye shi wa ya ce a yi kwat ɗin haka. Ya ce haka ya tarar, haka ake sawa ko'ina. Na ce to ko'ina ɗin ba su yi tunani ba.

Daga nan na wuce gidan Malam Sha'aibu a Badawa. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma, shi yana daga zaure. Na ce ya faɗa mini abin da addini ya ce a rufe, ɗaya bayan ɗaya, kada ya yi mini wa'azi don ina da tuwo a wuta. Ya ce gashi, da wuya, da ƙirji, kuma kada tufa ta bayyana surar jiki. Na ce a ina aka ce dole sai ya yi lilo? Ya yi gyaran murya, ya ce lilon dai ba sharaɗi ba ne. Sati uku yana taro, ba wanda ya tambaye shi wannan.

Na samo farin kaki mai kauri, auduga zalla, irin na masu dafa abinci a otal. Na yanka kwat mai faɗi har ƙasan gwiwa, gefe ɗaya na gaban ya hau kan ɗayan ya rufe ƙirji ya ɓalle a gefe, kwala tsaye har maƙogwaro. Bakin hannu na tattare shi ya kama wuyan hannu. Aljihu na mayar da shi ƙasa don kada yarinya ta sunkuya abu ya faɗo cikin wuta. Maɓalli kuwa na sayo na ƙarfe irin wanda ake dannawa ya ce ƙas, in aka ja ya buɗe gaba ɗaya. Ni da ke raina teloli masu amfani da shi, ina ce musu malalata. Sai na ɗinka hular hijabi a jikin kwalar, ya zama abu guda, na ce shi ke nan an gama. Na sa wa Hadiza a hankali saboda ciwon. Ta dubi madubi ta ce ya yi kyau, sannan ta tambaye ni in ruwan batir ya zuba mata fa. Na ce ki fizge ki yar, ai don haka na sa wannan maɓallin.

"In na fizge, Inna, kaina ya bi ta ke nan."

"To sai me? Rai ake magana."

"Ranar ma rai ake magana. Ina jin wutar na riƙe."

Na zauna a kan kujerar keken ɗinki. Ni na raine ta haka. Tun tana shekara biyar in ɗankwali ya zame nake daka mata tsawa daga tsakar gida. Ba za ka koya wa yarinya abu shekara goma sha biyu ba sannan ka ce ta manta shi a cikin ƙiftawar ido don wuta ta kama. Na ɗauki reza na farke hular daga kwalar. Na yi ta daban, ƙarama, ta auduga, ta kama kai da wuya, gefenta ya shige cikin kwat a ɓoye. In an fizge kwat, kai yana nan a rufe. Na sa mata na ce ta ja. Da hannu ɗaya, mai lafiyar, ta ja sau ɗaya kwat ta faɗi ƙasa. Sai da na sa ta yi sau goma.

Ranar taron ƙarshe babanku ya ga ƙunshin ya tambaye ni mene ne. Na nuna masa. Ya juya shi ya ce aiki ya yi kyau, amma don girman Allah in tsaya a kan ɗinki, kada in taɓa maganar yadi. Na ce in ba a tambaye ni ba ba zan taɓa ba. Da gaske nake lokacin.

Aka buɗe taro da addu'a iri biyu. Awa guda suna maimaita abin da suka faɗa sati uku. Sai Alhaji ya ce yanzu mulkin dimokuraɗiyya ake yi, a kaɗa ƙuri'a a huta: masu son a rufe ɗakin gwaji su ɗaga hannu. Shi da Malam Sha'aibu suka ɗaga. Madam da Malam Istifanus suka ƙi. Biyu da biyu. Alhaji ya yi dariya ya ce to ko mai ɗinki za ta raba gardama, ko da yake ba ta da ƙuri'a. Na ce ba ni da ƙuri'a amma ina da riga. Na kwance ƙunshin. Madam ta aika aka kira wata 'yar aji shida, na sa mata a gabansu. Malam Sha'aibu ya zagaya ta sau biyu yana neman abin da zai ce, ya ce babu laifi a ciki. Malam Istifanus ya sa ta ta miƙa hannu, ta sunkuya, ya duba ba abin da ke rataye. Na ce mata ja. Ta ja, kwat ta faɗi, kanta a rufe. Madam ta cire tabarau ta ce Maman Hadiza, ina kike tun sati uku? Na ce a kan bencin nan nake, Madam.

Da a nan aka tsaya da yanzu babban yayanku ba shi da abin faɗa. Amma Alhaji ya ji daɗi, kuma in ya ji daɗi kyauta yake yi. Ya murza kakin ya ce wannan ai yadin kuku ne, 'ya'yanmu ba za su sa shi ba. Akwai sauran bandir a sito, irin na farko, mai sheƙi, ya sake bayarwa saboda Allah, a yi sabon ɗinkin da shi. Madam ta fara godiya. Malam Sha'aibu ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Malam Istifanus ya buɗe baki ya dubi Madam ya rufe. Na gane ya sani, amma a shekarar nan ba shi ne zai ce kyautar Alhaji ta hijabi ita ce ta ƙona yarinya ba. Na dubi taga. Babanku ya daina goge gilashi, yana girgiza mini kai a hankali.

Na ce wa Malam Istifanus ya ba ni ashana, na san ba ya rabuwa da ita. Na sauke kofunan Madam daga kan tiren shayi. A ƙasan ƙunshina akwai kwat ɗin Hadiza da ta ƙone, ban san abin da ya sa na ɗauko ta ba, ko kuma na sani. Na yanki ƙyalle daga jikinta, na yanki wani daga cikin kakin. Na riƙe na farko da almakashi na ƙyasta. Ya kama kamar an zuba masa kananzir, ya nannaɗe, ya riƙa ɗiga baƙi-baƙi a kan tire yana ci da wuta, warin ya cika ofis. Na kunna na biyu. Ya ci a hankali daga gefe, na hura ya mutu, na murje tokar da yatsa. Ɗigon na farko kuwa na sa farce na kankara, ya ƙi fita.

"Haka ya yi a jikinta," na ce. "Wannan tire ne. Ita fata ce."

Alhaji yana kallon tiren. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, tun yaushe na san haka.

"Tun ranar da na fara guga, ranka ya daɗe."

"Kika ɗinka."

"Na ɗinka. Na kuma sa maɓallin da ya hana a cire mata. Rabin tabon nan nawa ne."

"A gidana kike kwana, Uwani. Ba ki ga ƙofata ba sai ta Madam?"

Ban ce na aiko babanku sau uku ba. Yana tsaye a taga, da na faɗa da a ranar aikinsa ya ƙare. Wannan ne karo na farko da nake faɗar sa, shi ma don ba ya nan ne. Na ce wa Alhaji gaskiyarsa ce. Kuma har yau ina cewa gaskiyarsa ce. Mutumin nan bai san yadinsa zai ci yara ba, sheƙi ya gani ya ce 'ya'yanmu sun cancanci mai kyau. Da na taka taku arba'in ɗin nan wata biyu kafin ranar, da ya yi fushi na kwana biyu ya canza yadi, Hadiza kuma tana da hannu sumul. Tsoro ya hana ni magana a lokacin da za a yi ta a ɓoye, sai na zo na yi ta a lokacin da dole a yi ta a gaban mutane. In za ku zarge ni, ku zarge ni da shirun, ba da ashanar ba.

Madam ta ce a sake kaɗa ƙuri'a: a buɗe ɗakin gwaji, da sabuwar kwat, da kakin auduga. Hannu uku suka tashi. Alhaji ya daɗe, sannan ya ɗaga nasa, na huɗu. Ya miƙe ya gyara babbar riga ya fita bai yi wa kowa sallama ba. Na ji ƙarar ƙofar mota.

Bayan la'asar babanku ya shigo ya zauna a bakin gado bai cire hula ba. Ya ce Alhaji ya ce aikinsa yana nan, karatun Hadiza ma yana nan ba zai taɓa shi ba, amma ɗakunan baya yana bukatarsu, zai zuba kaya. Sati guda. Shekara goma sha shida muna gidan, a nan na haifi ukunku. Na jira ya zage ni. Da ya zage ni da na fi jin daɗi, don ina da abin mayarwa a shirye. Sai ya ce a mota Alhaji ya tambaye shi ko ya san da maganar yadin, shi kuma ya ce bai sani ba. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa. Na ce to ba ka sani ba, tashi ka yi alwala magariba ta kusa. Ba mu sake tayar da zancen ba har ya bar duniya. Gwaggonku ta zo da yamman ta yi ta faɗa a tsakar gida, na ba ta kwali na ce in ta gama ta fara haɗa kwanuka.

Da gari ya waye na bar babanku yana aikin kwance ƙafafun gado. Na ɗauki sabon ƙunshin igiya da zarurruka masu launi na tafi makaranta, don tsofaffin ƙulle-ƙullen na tsohuwar kwat ne, ba za su yi wa sabuwar ba. Madam ta fito da 'yan ajin kimiyya suka yi layi a baranda. Ta farko a layin Bilkisu ce, 'yar Alhaji, ƙawar Hadiza, idonta ya yi ja, ta kasa kallona. Ta fara cewa Inna, Baba ya ce, na ce ban tambaye ki abin da Baba ya ce ba, juya. Na ɗora igiya a kafaɗarta na yi ƙulli. Na ga yarinyar tana kan girma, na kwance na ƙara yatsa biyu.

"Miƙa hannu," na ce mata. "Ba haka ba. Kamar za ki ɗauko kwalba a bayan wuta."